Ni ne mai tsohuwar Fijon nan

Tun ranar Litinin ake ta tambayar ko ta waye tsohuwar farar Fijon nan da ake gani a fake ƙarƙashin darbejiya kusa da tsangayarmu. Wani bawan Allah ma ya ɗauki hotonta ya jefa a guruf ɗin ajinmu, wai a taimaka a kira 'yan gidan tarihi su zo su ɗauki kayansu. Na yi dariya, don gaskiya ya iya tsiya. To tawa ce. Ko in gyara magana, ta babana ce. Rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ke kan gargara ya ajiye sai dare.

Fijo 504 ce, wagon, mai kujeru layi uku, haɗin Kaduna. Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan motar take nufi a Arewa ba. A Faransa aka fara fitar da ita a 1968, sannan kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara haɗa Fijo a ƙasar nan a 1975, shekarar da aka kafa jami'ar nan tamu ta Maiduguri. Akwai lokacin da ita ce motar gwamna, ita ce ta alƙali, ita ce ta 'yan sanda, ita ce kuma ta haya. Tamu ƙirar 1986 ce. Baba ya saye ta na hannu a 1995, tun ba a haife ni ba, ya sa ta a layin Maiduguri zuwa Kano. Kusan kilomita 600 ke nan. Tun ina ƙarami na haddace garuruwan hanyar kamar karatun allo, alhali ban taɓa zuwa ba: Auno, Jakana, Mainok, Benisheikh, Ngamdu, Damaturu, Damagum, Potiskum, Azare, Jama'are, Birnin Kudu, Wudil. Idan Baba ya dawo da dare muna gane ƙarar injinsa tun daga bakin layi, mu kwasa da gudu, don mun san akwai burodi ko rake a but.

Mu bakwai ne a gidanmu. Duk wanda ya sa yunifom a cikinmu, daga firamare har jami'a, wannan motar ce ta biya. A gilashin bayanta an rubuta "Sannu ba ta hana zuwa", kuma haka Baba yake tuƙi, har abokansa a tasha suna tsokanarsa wai fasinjansa sai ya yi guzurin kwana biyu.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A 2015, makon farko da na shigo aji ɗaya, Baba ya ce shi zai kawo ni da kayana. Ya wanke mota da kansa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Muna sauke katifa a bakin hostal sai ga wasu yara biyu da muka haɗu wajen rajista, irin 'ya'yan GRA ɗin nan masu ƙamshi. Ɗaya ya karanta rubutun gilashin da ƙarfi, suka fashe da dariya, ya ce min, "Kai, wannan akwalar fa?" Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Direbanmu ne, motar gidan tana gareji." Baba yana ɗaure igiyar but, bai fi taku huɗu da ni ba. Bai ɗago ba. Ya gama, ya ba ni naira dubu biyar, ya ce in riƙe sallah, ya tafi. Na yi ta gaya wa kaina bai ji ba. Daga ranar kuma duk sanda zai kawo ni, sai ya tsaya can nesa da get a kan titin Bama, ya ce wai juyawa a ciki wahala ne.

Ya ci gaba da bin hanyar nan har a shekarun da direba ke fita da asuba iyalinsa ba su san ko zai dawo ba. Abin da ya faru a Benisheikh a 2013 bai sa ya daina ba. Na Auno, a watan Fabrairun 2020, da aka ƙone matafiya a cikin motocinsu suna jiran gari ya waye a buɗe hanya, shi ne ya karya masa gwiwa. Dama fasinja sun koma Sharon da Homa, ba mai son Fijo sai tsofaffi. Ya shigo da ita tsakar gida ya rufa mata tamfol. Shekara ɗaya bayan haka ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yau kalmomin da yake iya fitarwa ba su da yawa, kowace sai ya yi kokawa da ita.

Sai ruwa ya zo. Ba sai na ba 'yan Yerwa labarin daren Talata 10 ga Satumba 2024 ba, kowa da nasa. Ga 'yan uwa na Kano da Sakkwato: madatsar Alau ce ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari cikin dare. Gidanmu a Gwange yake. A baro muka ɗauko Baba, ni da ƙanena, Hajja tana riƙe da ledar magungunansa a ka, ruwa iya ƙirji. Muna fita daga zaure ya yi ta juyo da kai yana kallon tamfol ɗin nan. Sai bayan kwana biyu muka samu isa gidan yayata a Bulumkutu.

Da muka dawo bayan kusan mako uku, shatin ruwan a bango ya wuce tsayina. Motar ta nutse har rufi. Laka ta cika ta zuwa sitiyari, kushin ya ruɓe, wari kuwa ba a magana. Na buɗe akwatin gaban fasinja na samu kwaɗo a zaune kan takardun mota.

A makon nan 'yan ajakuta suka fara zagaye unguwa suna sayen duk ƙarfen da ruwa ya kashe. Suka taya ta dubu 180. Muka zauna a tsakar gida, Yaya da Hajja da ni, Baba yana gefe a kujerarsa. Ni da nake mastas a tattalin arzikin noma, ni na fi kowa zaƙewa. Na kawo lissafi tsaf: katangar baya ta faɗi, babu katifa ko ɗaya a gidan, buhunan gero sun tsiro, mota kuma ko ta tashi litar mai ta haura naira dubu. Na ce ajiye ta asara ce a kan asara. Har yau ina nan a kan cewa lissafina daidai ne. Muna cikin magana kamar ba ya wurin, sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "A'a." Ya nuna ni da sandar, ya nuna bonet, ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ta fito: "Buɗe."

Ni ko taya ban taɓa canzawa ba. Abin da ya fara zuwa min shi ne in aro batir in gwada ko za ta tashi. Da na shigo da batir ɗin, Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba tun da ya kwanta. Daga baya Kawu ya yi min bayani. Kawu ba ɗan uwanmu ba ne na jini, tsohon makaniken Baba ne tun zamanin tasha, ya haura saba'in, ido ɗaya ya fara yana. Ya ce injin da ya sha ruwa ba a yi masa ki. Fistin yana matse iska da mai ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa, idan ka tilasta sai sandar fistin ta lanƙwashe ko ta fasa bulok, shi ke nan ka yi jana'iza. Da na murɗa makullin nan da labarin ya ƙare a ranar. Muka cire fulogi huɗu, jan ruwa ya biyo su. Muka kwance notin ƙasa, abin da ya zubo ba baƙin mai ba ne, wani abu ne kamar kunun gyaɗa.

Kawu ya ce a ja ta zuwa gareji. Baba ya ƙi. Ba ya iya zuwa gareji, kuma ba zai yarda a buɗe ta ba ya gani ba. Haka tsakar gidanmu ta koma gareji na wata bakwai. Kawu yana zuwa Asabar da Lahadi, ba ya taɓa komai sai abin da ya gagare ni, yana zaune a kan bokiti yana ba da umarni. Baba yana kujerarsa da sanda. Bugu ɗaya, ci gaba. Bugu biyu, tsaya. Idan ya yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, to na yi wauta. Muka rataya cen bulok a reshen darbejiyar gidan muka zaro injin, yaran maƙwabta sun cika kan katangar da ta rage.

Sai da na buɗe shi na gane dalilin da tsofaffi suke rantsuwa da wannan injin. Silinda huɗu ne, cc 1971, an kwantar da shi gefe guda, shi ya sa hannu ke isa ko'ina. Babu kwamfuta, babu na'urar da za ta ce sai an kai ta wajen mai laftof. Kafireta ce da kwayil da kwantak da dalko. Wani maƙwabcinmu mai sabuwar mota 'yar Kwatano, ruwan bai kai rufinta ba, amma ƙwaƙwalwarta da wayoyinta sun tafi, har yau tana kan duwatsu. Tamu kuwa ƙarfe ne da tsatsa, tsatsa kuma ana kankare ta. Abin da ya fi burge ni, ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin bulok aka fafe su ba, siliv ne da ake zarewa a sa wani. Biyu daga ciki tsatsa ta ci su har farce yana maƙalewa, fistin na uku kuma ya kafe. Kwana tara muna jiƙa shi da gas da man birki, ina bugunsa a hankali da guntun katako, kafin ya motsa. Ranar da ya motsa Hajja ta ɗauka wani abu ne ya sami Baba, saboda ihun da na yi.

Kayan gyara su ne wahala. An kai shekara ashirin ko kusa da haka da daina haɗa 504 a Kaduna, abin da ya rage a kasuwa ko tsohon ajiya ne ko jabu. Gaskit ɗin farko da na saya a nan gari, Kawu ya ɗaga shi sama ya kalla da idonsa mai kyau, ya ce ko fanke ba zai naɗe da shi ba. Siliv da ringi da mital sai Kofar Ruwa a Kano, famfon mai da kayan kafireta sai Panteka a Kaduna. A nan na ga wani abu. Na je tasha in ba da saƙo, na faɗi sunan Baba, sai wani direban Homa mai furfura ya sauko daga mota ya riƙe hannuna. Ashe yaron motarsa ne a da, shi ya koya masa tuƙi. Sau biyar ana kawo min kaya daga Kano, ko sisi ba a taɓa karɓa na kuɗin saƙo ba. Wasu ma biyo kayan suke yi har gida, su durƙusa gaban Baba suna "Oga, Oga", su yi ta ba shi labarin hanya yana murmushi da rabin fuska. Shekara 28 ina gidan nan ban san mahaifina oga ne a wani wuri ba.

Kuɗin fa? To, a nan ne na yi abin da ba na ba kowa shawarar ya yi. Ina da dubu 240 da na tara daga koyarwa a wata makarantar kuɗi, na ware su don fita tattara bayanan bincikena wajen 'yan kasuwar wake. Na ce bari in ɗan taɓa dubu talatin in mayar. Duk wanda ya taɓa gini ko gyaran mota ya san ƙarshen wannan zancen. Kafin Janairu babu ko naira. 'Yan ajinmu suka gabatar da semina, ni ko babi na uku ban gyara ba. Na je wajen sufabaiza ina kame-kame, ina ɗora wa ambaliya laifi. Ya bar ni na gama, ya kalli faratana da suka yi baƙi ƙirin, ya ce, "Ambaliyar ce har yanzu a hannunka?" Sai na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, ya tambaye ni wagon ce ko salun, ya ce da irinta aka kai shi makarantar kwana. Sannan ya ce duk da haka ba zai sa hannu a aikin da ba a yi ba. Zango guda ya wuce ni. Laifina ne, ba na kowa ba.

Mun gama haɗa injin cikin azumi, a watan Maris. Na wanke tanki, na busa bututun mai, na gyara tazarar bawul da filagejin Baba da muka samu a cikin tsohuwar jakarsa, na sa sabon kwantak. Ranar Kawu bai zo ba, jikarsa ba lafiya, ni kuma na ƙagu. Na san tsarin wutar, 1-3-4-2, na jera wayoyin fulogi ina ƙirgawa daga gaba, wajen lagireta, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Na yi ki. Ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar bindiga ta salansa, har wuta ta fito ta kafireta ta babbake min gashin hannu. A garin nan kun san abin da irin wannan ƙarar take yi wa mutane. Wata maƙwabciya sai da ta leƙo tana salati. Na sake, haka. Batir ya fara sanyi. Ga ƙishirwa, ga rana ta haura digiri arba'in. Na zauna a ƙasa na ce wallahi gobe zan kira 'yan ajakuta.

Duk wannan lokacin Baba yana ta buga sanda, ni kuma haushi ya hana ni kallonsa. Da na juyo sai na ga ya ɗaga yatsa ɗaya na hannun hagu, yana nuna can bayan injin, wajen gilashi. Na ce, "Baba, me kuke so in duba?" Ya sake ɗaga yatsan. "Ɗaya," in ji shi. "Baya." Ashe mutanen Faransa daga baya suke ƙirga silinda, ta wajen kuloci. Wadda na ɗauka ta huɗu ita ce ta ɗaya. Wutar tana zuwa ne lokacin da silinda ke fitar da hayaƙi, ba lokacin da ta matse mai ba. Na sauya wayoyin, bai fi minti biyu ba. Na zuba ɗan fetur a kafireta, na ce bismillah.

Ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, Hajja ta fito da ludayi a hannu tana guɗa, abin da rabon da in ji ta yi tun auren yayata. Ni ina ta tsalle kamar yaro. Baba kuwa ya rufe ido ya karkata kai yana saurare. Can ya buɗe, ya ɗaga yatsu uku, ya yi alamar ƙwanƙwasa. Bawul ɗin silinda ta uku yana ƙara. Ni ban ji komai ba. Washegari Kawu ya sa geji, haka ne, tazarar ta yi yawa.

Aikin bodi ba shi da daɗin labari, gumi ne kawai. Ƙasan wajen ƙafar direba ya cinye har kana ganin ƙasa, mai walda ya zo da tukunyar kabaid ya yanke ya sa sabon faranti. Sauran ni na yi: kankare tsatsa, shafa fila, gogawa da samfefa har zanen yatsuna ya goge, wayata ta daina gane ni. A ƙofar baya ta hagu na yi ha'inci, maimakon a buga lotsawar ta fito sai na cika ta da fila mai kauri. Zafin Afrilu ya tsaga ta kafin mako biyu, na sake daga farko. Fenti a tsakar gida muka fesa da kwamfuresar haya, da sassafe kafin iska ta taso, mun yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Duk da haka idan kun matso za ku ga ƙwari biyu da suka mutu a kan bonet, suna nan har abada. Mai fentin ya tambaya ko a kankare rubutun gilashin baya, tunda ya ɓaɓɓake. Na ce ya bi kansa da sabon fenti yadda yake.

Na zauna na haɗa abin da aka kashe, nawa da wanda Yaya ya ƙara daga baya, ya haura dubu 700. Ba na jin akwai mai sayenta haka. Lita ɗaya ba ta kai ni kilomita tara a cikin gari, don haka yawancin ranaku Keke Napep nake hawa kamar kowa, ita sai Litinin da ranar asibitin Baba. Wannan na biyun shi ne kawai amfanin da zan iya karewa a gaban malamaina: a da sai mun ɗauki shatar keke mun naɗe shi a ciki kamar kaya, yanzu kujerar gaba yake zama.

Ranar da muka fara fita da ita, bayan an sabunta takardu, na ce masa asibiti za mu. Muka ɗora shi a gaba, Hajja da ƙanena a baya. Da muka gama da asibitin koyarwa, maimakon in juya gida sai na miƙe titin Bama. Ban faɗa wa kowa ba. Muna kusa da inda ya saba tsayawa ya sauke ni, na ji ya ɗan motsa. Ban rage gudu ba, na sa sigina na shiga get. Na bi da shi ta gaban ɗakin karatu na Ramat, na nuna masa tsangayarmu, na zagaya har bakin hostal ɗin nan na kashe mota. Na riga na shirya maganar da zan yi tun dare, amma harshena ya yi nauyi, na kasa. Muna zaune shiru, inji yana ƙas-ƙas ɗin hucewa.

Sai ya miƙo hannun hagu ya dafa kafaɗata. Ya juya wajen Hajja, yana nuna ni da haɓa, bakinsa yana rawa. Ya ce, "Direbanmu."

Hajja ta yi dariya, ita a ganinta wasa ne, ta ce ai kuwa mun samu direba na kyauta. Shi ma dariyar yake yi, irin tasa ta rabin fuska, har da hawaye a ido ɗaya. Ni kuwa na kifa kai a sitiyari. Na ce, "Baba, ku yafe min." Ya buga sandarsa a ƙasan motar sau ɗaya.

Semina ta tana watan gobe in sha Allahu, na samu rancen kuɗin fita fili daga wajen yayata, ku sa ni a addu'a. Mai hoton guruf kuma na yafe, amma ka sani ranar da ruwan sama ya tare ka a get ba zan tsaya ba. Sannan don Allah 'yan Kano da Kaduna da Zariya, duk wanda ya san inda zan samu gilashin fitilar baya ta hagu, ta wagon ba ta salun ba, don ba iri ɗaya ba ne, ya yi min magana. Yanzu jar leda na ɗaura a wurin.